Tabon Garwashi a Ƙafata ta Hagu

Shekarun baya can, ina 'yar shekara goma sha bakwai, ba na jin akwai wanda ya kai ni tabbacin shiga sama a duk cocinmu da ke Mubi. Mahaifiyata ce shugabar zumuntar mata, ni kuma yarinyar da ake nuna wa sauran yara a ce su yi koyi da ita. Na haddace ayoyi fiye da yadda na haddace karatun makaranta. Idan fasto ya ce kowa ya sunkuya ya furta zunubansa, nakan sunkuya kamar kowa, amma gaskiya sai in rasa abin faɗa. In laluba, in laluba, in ƙare da neman gafarar tsokar naman da na ɗauke a tukunya tun ina aji uku. Sauran lokacin kuwa sai in ɓatar da shi wajen tausaya wa masu zunubi na gaske. To kun ji irin yarinyar da zan ba ku labarinta.

A shekarar ne muka shiga ajin baftisma. A cikinmu akwai ƙawata, wadda muke zama benci ɗaya a makaranta da coci. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, kakarta ce ta raine ta a wajen Mugulbu, sai karatu ya kawo ta cikin gari wurin gwaggonta. Kakar ba ta zuwa coci, ba ta zuwa masallaci, tana nan a kan abin da ta taras iyayenta suna yi. Amma ba ta taɓa hana jikarta zuwa coci ba. Ita ce ma take wanke mata farin ɗankwalin ranar Lahadi idan ta je hutu.

Da lokacin yankan dawa ya zo, kakar ta kira gayya, domin ba ta da ƙarfin girbe gonarta ita kaɗai. A can kuwa kowa ya san gayya ba ta yiwuwa sai da burkutu. Mutum zai bar tasa gonar ya zo ya yini a gonarki, ba kuɗi zai karɓa ba, abin da zai jiƙa maƙogwaro da shi ne ladansa. Idan babu, babu mai zuwa, dawa ta zube a gona. A cocinmu kuma doka ce tsayayya: ba a sha, ba a dafawa, ba a taya mai dafawa ko da ɗebo ruwa ne. Mun san wannan sarai, domin malamin ajinmu ya nanata mana shi har mun gaji.

Wata Asabar ƙawata ta ce in raka ta ƙauye, kakarta bayanta ya riƙe, ga tukwane uku a kan wuta. Na ce wa mahaifiyata za mu je gaishe da mara lafiya, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Muka je. Muka yi sawu shida zuwa mayo, wato rafi, muna ɗebo ruwa. Ƙawata ta kama muciya tana juya tukunya, da hannunta ya gaji na karɓa ba tare da kowa ya roƙe ni ba. Kakar tana zaune a kan turmi tana ba mu umarni, tana mini dariya da Hausarta wadda ba ta bambanta mace da namiji.

"Wannan yarinya na coci yana da hannu," in ji ta. "Ka ɗanɗana mana, bai yi ƙarfi ba tukuna, kunu ne kawai."

Na ɗanɗana a 'yar ƙwarya. Zaƙi ne da ɗan tsami, da ɗumi. Na ƙara. Bari in faɗi gaskiya tunda na fara: sau uku na sha, na ukun ma ba wanda ya miƙo mini. Ina cikin juyi ne wani garwashi ya fallatso ya sauka a bayan ƙafata ta hagu, ya manne. Na yi ihu, kakar ta shafa mini wani mai, ta ɗaure da tsumma. Da na koma gida na ce salansar babur ce ta ƙone ni. Mahaifiyata ta yi ta faɗa da ɗan acaɓan da bai san hawa ba bai san sauka ba, wanda ma babu shi a duniya.

Da abin ya tsaya nan, da yau ba ni da labari.

Mako guda bayan haka malamin aji ya sanar da wadda za ta yi karatun Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a ranar baftisma. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, mutum ɗaya ake zaɓa a duk ajin. Ni na riga na gama shiryawa a raina, har na zaɓi yadda zan riƙe littafin. Mahaifiyata ma ta fara gaya wa matan zumunta su zo da wuri. Sai malam ya kira sunan ƙawata. Ya ce muryarta tana fita, kuma ba ta gudu idan tana karatu. Na tafa kamar kowa, na ma rungume ta, amma cikina kamar an zuba barkono.

Da muka fito tana ta tsalle. Ita ma idan tana zancen kakarta, da irin Hausar tsohuwar take yi. Ta ce, "Kin san me? Kaka ya ce zai zo! Ya ce in dai ni ce zan tsaya a gaba, zai shiga coci ya ji da kunnensa." Matar da tun da aka haife ta ba ta taɓa taka ƙofar coci ba. Ƙawata ta shekara biyar tana wannan addu'ar, ni ma na sha taya ta.

Yanzu ku ji yadda na yi, domin nan ne wurin da har yau nake jin kunya. Ban je na kai ƙara ba. Yarinyar kirki ba ta kai ƙara. Na je gidan malam ran Laraba da yamma, na sami matarsa tana tsince wake, na zauna na taya ta. Sai na yi ta ajiyar zuciya har ta tambaye ni lafiya.

Na ce, "Mama, ba komai. Ina so ne dai mu sa ƙawata a addu'a."

"Me ya same ta?"

"Ba na so ya zama gulma, Mama. Amma zama da kakan nan tata, da wannan dafe-dafen na gayya... ina jin tsoro kada ya ja ta baya."

Har hawaye na yi, kuma ba na ƙarya ba ne, sun zo da kansu. Muka durƙusa a kan tabarma muka yi addu'ar, na ce amin da ƙarfi. Na san sarai cewa kafin wake ya nuna maganar ta kai kunnen malam, kafin Lahadi kuma ta kai wa dattawan ikilisiya. Dalilin zuwana ke nan.

Dattawa suka kira ta bayan sujada. Ni ina waje a gindin mangwaro, sai a lokacin ne ya faɗo mini cewa za su tambaye ta ko ita kaɗai ce. Ban taɓa tunanin wannan ba, wayon nawa iyakarsa ke nan. Daga baya na ji yadda aka yi. Suka ce gaskiya ne ta taya dafa giya? Ta ce gaskiya ne. Suka ce akwai wani ɗan coci da ya je tare da ita? Ta ce ita kaɗai ce. Aka sa ta a horo na wata uku: za ta riƙa zama a bencin baya kusa da ƙofa, ba waƙa a ƙungiya, ba baftisma sai shekara mai zuwa. Karatun kuma aka ba ni.

Saura mako biyu. Ban taɓa ganin mako biyu masu tsawo irin waɗannan ba.

Duk wanda ya kira sunana sai gabana ya faɗi. Idan malam ya dube ni a aji, in ce shi ke nan, ya ji. Idan na ga dattawa biyu suna magana a tsaye, in tabbata ni ce. Na daina cin abinci sosai, mahaifiyata ta ce tsoron tsayawa gaban jama'a ne, ta dafa mini ganye. Ƙawata ba ta daina gaishe ni ba, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali. Za ta ce "sannu" ta wuce, ni kuma in yini ina juya wannan sannun, ina neman abin da ke cikinta. Ta sani ne? Tana jira ne sai ranar ta tashi ta tona ni a gaban kowa? Ciwon ƙafata kuma ya ƙi warkewa, kullum da safe sai na wanke shi, kullum sai ya tuna mini da tukunyar.

Ga kuma karatun da aka ba ni. Ba baƙo ba ne a wurina, na taɓa cin gasar hadda da shi har aka ba ni faranti. Kukan wani mutum ne da ya aikata abin kunya ya binne, abin ya ƙi binnuwa. Ba ya kawo wani uzuri. Yana faɗa wa Allah cewa duk inda ya juya laifin yana gabansa, cewa wannan karkata ba jiya ta fara ba, tun farkonsa tana tare da shi, yana roƙo a wanke shi, kada a kore shi. Da can nakan karanta shi ina jin tausayin mutumin. Yanzu idan na shiga ɗaki na rufe ƙofa don in gwada, sai in rufe littafin ban kai ƙarshe ba.

Wurin da ya fi tsorata ni shi ne inda yake cewa tun farko abin yana cikinsa. Ni a tunanina da tsabta aka haife ni, aikina kawai in kiyaye kada datti ya taɓa ni daga waje. To amma wa ya koya mini abin da na yi a gidan malam? Ba kakar ƙawata ba ce, ba burkutu ba ne. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda ake naɗe hassada a cikin addu'a. A shirye na same shi a cikina, ya fito sumul, har da hawayensa. Na riƙa tambayar kaina tun yaushe yake nan, kuma me ya rage a ciki wanda ban gani ba tukuna.

Ana saura kwana huɗu, na raka mahaifiyata kasuwa sayen farin yadin da zan shiga ruwa da shi. Muna fitowa daga layin 'yan atamfa sai ga kakar ƙawata, da sandarta da ƙullin gyaɗa a ka. Na nemi inda zan ɓuya na rasa. Mahaifiyata ta rusuna ta gaishe ta.

"Kaka, ina gajiya? Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata." Sai ta sauke idonta a kan ƙafata. "Ƙafa ya warke?"

Mahaifiyata ta ce, "Ashe har labarin salansar nan ya kai ƙauye? 'Yan acaɓan nan ba su da hankali, Kaka."

Tsohuwar ta dube ni. Ba ta daɗe ba, amma na ji kamar an yini. Sannan ta ce, "Eh, salansa. Wuta ne dai, duk ɗaya ne." Ta gyara ƙullinta, ta juya wurin mahaifiyata. "Ka gaya wa mutane na coci naku ba zan zo ba. Na saya zani sabo don ranar, yana nan a akwati. Yaro ya ga bayana ya riƙe, ya taimake ni, kun sa shi a baya kamar ɓarawo. Wurin da ake kunyata yaro don ya ji tausayin kakansa, ni ba na shiga."

Mahaifiyata ta yi ta ba ta haƙuri, tana cewa doka ce, ba ƙiyayya ba. A hanyar gida ta ce mini, "Kin ga abin da ya sa nake gode wa Allah da ya ba ni ke." Na ce amin. Me zan ce?

Na so in faɗa, Allah ya sani. Sau biyu ina tsayawa a ƙofar kicin da maganar a bakina. Amma sai in hango mahaifiyata a cikin kayan zumunta, a gaban matan da take shugabanta, 'yarta tana bencin baya. In hango yadin da aka riga aka kai wa tela. Sai in ce bari a wuce ranar tukuna.

Ranar ta zo. Na hau gaba, na buɗe littafin, na ɗaga kai kamar yadda aka koya mana, sai idona ya tafi kai tsaye can baya. Ƙawata tana zaune kusa da ƙofa da farin ɗankwalinta, ita da wani dattijo da aka hora saboda faɗa. Na jira ta miƙe. Ba ta miƙe ba, ta buɗe nata littafin tana bi da yatsa.

Da a fim ne, nan zan ce muku na ajiye littafin na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Ban yi ba. Na karanta shi daga farko har ƙarshe, muryata tana rawa, jama'a suka ɗauka Ruhu ne ya taɓa ni. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Bayan sujada muka gangara rafi, fasto ya nutsar da ni sau uku a ruwa mai sanyi, na fito ana waƙa, ana rungume ni. Na tsaya a bakin yashi ina jiran in ji na zama sabuwa. Abin da na ji kawai shi ne zafin ruwa a kan ciwon ƙafata.

Kakar ta rasu da damina, kafin baftismar da ta biyo baya. Ban je jana'iza ba, na ce ina da jarrabawa. Shekara guda cur ina kauce wa ƙawata, in ta bi nan in bi can.

A cocinmu, kafin jibin Ubangiji ana wankin ƙafa. Mata a gefensu, maza a nasu, a jera benci, a kawo baho da tawul. Wadda ke gefenki ta durƙusa ta wanke miki, ke kuma ki wanke wa ta gaba, haka har layi ya ƙare. Ba a zaɓar wurin zama, yadda aka shigo haka ake jeruwa. A jibin farko bayan an yi wa ƙawata tata baftismar, na makara, na shigo da gudu na zauna a gurbin da na gani. Sai da na zauna na ga wadda ke damana.

Baho ya riƙa matsowa, ni ina ƙirga mutanen da suka rage. Na yi tunanin in tashi kamar zan zaga bayan gida, amma ban tashi ba. Ta ɗaura tawul a ƙugu, ta durƙusa, ta ɗauki ƙafata ta dama ta wanke. Ta ɗauki ta hagu. Sai ta tsaya, ta ɗora babban yatsanta a kan tabon.

"Ya warke," in ji ta a hankali.

Ana waƙa, babu mai jin mu. Na sunkuya na ce, "Ni ce na faɗa."

"Na sani. Tun ranar na sani. 'Yan coci nawa ne a wurin tukunyar?"

"To me ya sa ba ki tona ni ba?"

Ta ci gaba da zuba ruwa. "Kada ki ɗauka ni mala'ika ce. Wata uku ina zaune a bayan nan ina roƙon Allah ya kunyata ki. Kowace Lahadi nakan ce yau zan faɗa. Kaka ne ya hana ni, ya ce yaro ɗaya a baya ya isa." Ta goge ƙafar da tawul, ta ajiye ta a hankali. "Da zanin nan muka rufe shi, sabon. Bai taɓa ɗaurawa ba."

Ta miƙe ta kwance tawul ta miƙo mini, domin layi ya zo kaina. Na durƙusa a gaban matar da ke haguna ina wanke mata ƙafa ina kuka, baiwar Allah tana ta shafa kaina tana cewa Allah ya ƙara mini irin wannan zuciya.

A ranar na gaya wa mahaifiyata komai, har da ɗan acaɓan da babu shi. Ba ta dake ni ba, ba ta yi ihu ba. Sai ta ce in ɗauko ɗankwalina. Ita da kanta ta kai ni wurin dattawa. Na yi nawa wata ukun a bencin baya, kuma abin mamaki, a lokacin ne na fara yin barci mai daɗi bayan shekara guda.

Yau ni da ƙawata muna gaisawa, 'ya'yanmu sun san juna. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, na kuma gaskata Allah ya yafe. Amma ba mu koma yadda muke ba, ni ma ban koma yarinyar nan mai laluben zunubi ta rasa ba. Wani lokaci nakan yi kewarta, don tana da kwanciyar hankali, ko da yake na ƙarya ne. Ba burkutun ne yake damuna ba, ƙwarya uku ce ta abin da bai ma yi ƙarfi ba. Abin da ke sa gabana faɗuwa har yanzu shi ne yadda mugunta ta zo mini da muryar ibada, ban ma gane ta ba sai da ta gama aiki. Shi ya sa idan wata ta matso kusa da ni a zumunta ta rage murya ta ce mu sa wance a addu'a, nakan tambaye ta ko ta je ta sami wancen tukuna. Wasu suna cewa na cika tsauri. Ban damu ba, na san inda na koyo shi.

An sha ba ni wannan karatun a coci tun daga lokacin, nakan ce a ba wani. A ɗakina nake karanta shi, a hankali, ba guɗa. Kowace shekara kuma idan aka kawo baho, wadda ta kama ƙafata takan tambayi abin da ya same ni a nan. Na daina cewa salansa. Nakan ce garwashi ne, na wata tsohuwa da ta sayi sabon zani don ta zo cocinmu, ni na hana ta.